Shekarar da Pailo Ya Hana Mu Ganyen Hosanna

Ranar da na hau kwakwa, rabin ƙauyenmu sun san kalar gajeren wandona. Ƙanin matata ne ya zo da na'urar hawa, irin ta ƙarfe da ake zura ƙafa a ciki, yana cika baki wai ko tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta kai ƙololuwa da ita. Ni kuwa Kuriachan tela, da bakina ya saba kai ni inda ƙafata ba ta iya zuwa, na ce a ba ni. Hawa ya yi daɗi. Sai da na wuce tsayin rufin gida na leƙa ƙasa, na ga duniya tana juyawa, na ƙanƙame bishiyar kamar na ga uwata. A nan zanen da na ɗaura a ƙugu ya kwance, ya sauka abinsa cikin natsuwa ya bar ni a sama. Matan da ke wanki a bakin ruwa suka ajiye wanki. Babu wadda ta je neman taimako sai da suka gama dariya.

Pailo ne ya sauko da ni. Ya zura igiyarsa a idon sawu, ya hau kamar mai taka matakala, ya ɗora ƙafafuna a kafaɗunsa, muka sauko taku-taku. Bai yi dariya ba, bai kuma tambayi lafiyata ba. Ya shafa jikin bishiyar inda ƙarfe ya ci, ya ce, "Ka kankare mata baya." Ya ɗauki addarsa ya wuce.

To, wannan shi ne Pailo. Shekararsa sittin da huɗu, hamsin da ɗaya daga ciki ya yi su ne tsakanin sama da ƙasa. Ubansa mahayin kwakwa ne, kakansa ma haka. Tafin ƙafarsa ya lanƙwashe ciki, ƙirjinsa ya yi kanta kamar bayan kunkuru. Ba ya zama. Rogo da miyar kifi a tsaye yake cin su, shayi yana tafiya yake kurɓa. A coci ma bakin ƙofa yake tsayawa, rabin fuskarsa na wajen bagade, rabi na waje. In kana yi masa magana idonsa na kan bishiyar da ke bayanka, har sai ka tsargu ka waiwaya. Matarsa Rahel ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Yarsu ɗaya tana aikin jinya a ƙasar waje, duk Lahadi sai ta kira ta ce ya zo ya huta. Yakan tambaye ta ko akwai kwakwa a can. Ta ce babu. Ya ce to ta gaida mijinta.

Mu a Kuttanad ruwa ne a sama, mu a ƙasa. Jingar laka ce ta raba mu da kogi, kwakwar da ke kan jingar kuma ita ke riƙe da lakar, don saiwarta saƙa take yi kamar taru. A bayan maƙabartar cocinmu kakanninmu sun dasa goma sha biyu a jere. Daga jikinsu kaɗai ake yanko ganyen Lahadin Hosanna, wato Lahadin da muke zagaye coci kowa da ganye a hannu, mako ɗaya kafin Ista. Kuma ba kowane ganye ba, sai tohon tsakiya, wanda bai buɗe ba, mai ruwan ƙwai, mai laushi. Tun da aka gina cocin, ganyen waje bai taɓa shiga ƙofarta ba. Mutanen cocin tsallaken kogi nasu a bayan mota ake kawo musu daga tudu, kuma mun shekara ɗari muna yi musu gori a kan haka.

Shekara arba'in da ɗaya Pailo ne ke yanko mana. Shi ya fara lura. Ruwan gishiri da ke shigowa da rani ya daina komawa da wuri, bishiyoyin suka rame, kawunansu suka tsuke. Wadda aka yanke wa toho tana cikin wannan hali, ƙwaro mai ƙaho yakan shiga ta wurin raunin, kafin shekara kanta ya faɗo. Bayan shekara biyu saiwar ta ruɓe a cikin jinga ta bar rami. Bakwai sun tafi a haka, biyar suka rage. Kabarin Rahel kuwa yana layin farko, taku huɗu daga jingar. A shekarun baya Pailo ya riƙa rage hannu a ɓoye, ya yanko uku ya ce iyakar abin da ya samu ke nan, mutane su yi gunaguni su raba.

Sai ga Achan Skariah ya dawo daga tafiya. Achan muke ce wa limamin coci, wannan kuwa mutumin kirki ne, mai zafin nama, bai kai arba'in ba. An tura shi wani taron coci-coci a ƙasar sanyi kan sauyin yanayi, ya dawo mana da tari da wata takarda da ya sa wa hannu. Ya yi wa'azi mai ratsa jiki. Ya ce Allah ya sa ɗan Adam a lambu ne don ya kula da shi, ba don ya cinye shi ba. Ya ce akwai masu bi irinmu a tsibiran da teku ke haɗiyewa, sun yi alkawari mun yi alkawari. Muka ce amin da ƙarfi, don mu ba labari aka ba mu ba, mun kwana a kan rufi shekarar babbar ambaliya. Aka kori kofin roba daga coci, aka kori leda. Har nan lafiya lau.

Mako uku kafin Hosanna ya sanar cewa baƙi uku daga waɗancan coci-cocin za su zo su ga yadda muke cika alkawari. Kwalliyar ƙofa da ta bagade, da a da ake yi da zaren ado na roba, bana da ɗanyen toho za a yi. Kowane mai rai kuma zai riƙe cikakken ganyensa. Shugaban kwamiti, Avarachan, tsohon hedimasta da ba ya rabuwa da lema ko a inuwa, ya yi lissafi a tsaye: reshe goma, biyu daga kowace bishiya. Coci ta ɗauki tafi. A bakin ƙofa Pailo ya juya ya fita, ba a gama addu'a ba.

Daga ranar ƙafarsa ba ta huta ba. Sau uku a yini yake zuwa bayan maƙabarta. Ya hau ta farko, ya leƙa cikin kanta, ya sauko hannu wofi. Ya hau ta biyu. In ya gama biyar ɗin ya tsaya kan jinga yana danna laka da diddige, ya tafi, kafin ya kai gida ya juyo. Ya je wajen Achan sau biyu, yana isa ƙofa maganar ta tsere masa, don shi mutum ne da hannunsa ya fi bakinsa iya zance. A na uku ya daure ya shiga, ya tarar da shi cikin takardun tarbar baƙi.

"Achan, ganyen nan ba zai yanku ba."

"Chetta, zauna mana." Chetta muke ce wa wanda ya girme mu, ko liman ma haka yake kiransa.

"A tsaye ma ina ji."

"Ganye ne fa, ba leda ba. In an gama da shi ruɓewa zai yi ya koma ƙasa. Abin da muke nema ke nan."

"Ita ma bishiyar ruɓewa za ta yi."

Achan ya yi murmushi irin na wanda ya ji magana mai daɗi bai ji ma'anarta ba, ya ce za su duba. Wayarsa ta yi ƙara. Pailo ya fito.

Shagona ya zo, ba don yana ƙaunata ba, don yana kan hanyar maƙabarta ne. Ya riƙa kai da kawowa tsakanin keken ɗinki da ƙofa har ya sa na karkace wuyan riga.

"Chetta, ka zauna ko ka fita, kana sa mini jiri. Ko kai ma baƙin kake jira su ɗauke ka hoto?"

"Biyu daga kowace," in ji shi. "Ko ɗaya ba za su ɗauka ba."

"To a roƙi mutanen tsallake mana. Motarsu in ta zo, rabin ganyen awaki ke ci."

Da wasa na faɗa, kamar yadda nake faɗar komai. Shi kuwa ya ɗauka ya kai gaban kwamiti a daren taronsu na Laraba, kuma ya ce ni na ba da shawarar. Avarachan ya buga lema a ƙasa.

"Mu? Mu tsallaka mu miƙa hannu ga waɗancan? A gaban baƙin Turai? Pailo, tsufa ne ya kama ka ko tsoron sama? In gwiwa ta gaza ka faɗa, ba abin kunya ba ne."

"Gwiwata lafiya take, Malam."

"To kakanninmu da suka dasa su don wannan rana, sun fi ka rashin sani ne?"

"Lokacinsu ruwan ba gishiri."

"Ji mini mutum! Mun kori roba don mu kula da halittar Allah, kai kuma kana so mu koma wa roba."

Kwamiti ya yanke cewa ranar Asabar za a ɗauko wani mahayi daga ƙauyen gaba, Sukumaran. Ni kuma Avarachan ya aiko a karɓo masa yadinsa da ke wajena.

Alhamis Pailo bai hau ko'ina ba. An gan shi a ƙofar gidansa yana saƙa busasshen ganye, a tsugune, wanda shi ne mafi kusa da zama da aka taɓa gani a wajensa. Juma'a da sassafe ya ɗauki saƙar ya nufi bayan maƙabarta. Ya naɗe kowace bishiya daidai ƙirji, ya ɗaure da igiyar ɓawon kwakwa, ya yi ƙullin gidansu, mai kunne uku. Mahaya a wajenmu suna da wannan ƙa'ida tun kafin a haifi kowa a kwamiti: bishiyar da wani ya ɗaure tana hannunsa, ko ciwo take yi ko wani dalili ne, ba a tambaya, ba a hawa. Wanda ya tsallake ƙullin wani, ranar da ya faɗo ba mahayin da zai zo ɗaukarsa. Pailo ya san abin da yake yi. Bishiyoyin coci ne, ba nasa ba, kuma ba a taɓa ɗaure wa coci bishiya ba.

Asabar Sukumaran ya iso a kwalekwale, da addarsa a ƙugu da jan baki na wani ganye da ake taunawa kamar goro. Jama'a sun taru, don labari ya riga shi. Ya zagaya ta farko, ya ɗaga kunnen ƙullin da yatsa, ya dubi Pailo da ke tsaye can gefe yana sauya ƙafa. Ya tofar da yawu.

"Ba ku ce mini a ɗaure suke ba."

"Wane ɗauri?" in ji Avarachan. "Busasshen ganye ne da igiya. Ka yanke ka hau!"

"Malam, kai ka yanke, tunda ba kai za ka faɗo ba."

"Kai ba ma ɗan cocin nan ba ne, ina ruwanka da rigimarmu?"

"Shi ya sa zan koma gida in ci abincin rana." Ya juya wajen Pailo. "Chetta, wace ce ta fi jin jiki?"

"Ta huɗu."

Sukumaran ya ɗaga kai ya daɗe yana kallonta, ya girgiza kai, ya koma kwalekwalensa. Wani daga baya ya ce ai akwai na'ura a garin nan, ba sai mahayi ba. Nan take idon kowa ya dawo kaina. Na ce musu na tuba, kuma na'urar ta koma inda ta fito.

Ana cikin hayaniya Achan ya iso da sauri, rigarsa na jan ƙasa. Ransa a ɓace yake, don jirgin baƙi ya riga ya sauka.

"Chetta, me na yi maka? A gaban mutane za ka kunyata cocinka?"

Pailo ya kama hannun liman, abin da ba a yi, ya ja shi zuwa kututturen ɗaya daga cikin bakwai ɗin da suka mutu. Ya ture ciyawa da ƙafa, rami ya bayyana.

"Zura hannu."

Achan ya naɗe hannun riga ya zura har kafaɗa. Ya fito da shi sharkaf.

"Lasa."

Ya lasa. Ya yamutsa fuska.

"Wannan ni na yanke mata toho shekara uku da suka wuce," in ji Pailo. "Da hannuna. Ga inda ruwan ke bi." Ya nuna wani duhun danshi da ya taso daga gindin jinga, ya ratsa ciyawa, ya tsaya ɗan nesa kaɗan da layin farko na kaburbura. Kowa ya san na wa ne a wajen.

Achan ya daɗe yana kallon hannunsa. Da ya buɗe baki muryarsa ta yi ƙasa. "To gobe me zan sa wa albarka? Me zan ba mutane?"

Pailo ya tafi gida. Kwakwa ɗaya gare shi tak, a bayan ɗakin girki, Rahel ce ta dasa ta shekarar da ta haihu. Ita ma gishirin bai bar ta ba, sai dai ita ba ta riƙe da jinga. Ya zagaya ta sau uku, ya shiga ɗaki, ya fito, ya sake zagayawa. Sannan ya hau. Toho ɗaya ya yanko. Ya shimfiɗa shi a barandar coci ya ƙirga silin ganyen da ke jiki: ɗari biyu da uku. Gidajenmu ɗari da tamanin da bakwai ne.

"Ganyen waje ne wannan," in ji Avarachan.

"A kan bishiyar coci na ɗauko irinta," in ji Pailo. "Jikar gida ce."

Ranar Lahadi kowane gida sili ɗaya ya samu. Iyaye mata suka sa farce suka tsaga, gida mai mutum takwas tsaga takwas. Ƙofa ba kwalliya, bagade ba kwalliya. Muka fito zagaye mutum ɗari tara, kowa riƙe da abin da bai fi tsinken tsintsiya ba, muna rera Hosanna. Mutanen tsallake sun gama nasu da wuri don kawai su zo kallo. Suka jera kwalekwale a bakin jinga suna kaɗa mana manya-manyan ganye.

"Ku ɗaga sama mu gani, ba ma hangowa!"

"Sakace aka raba muku ne bana?"

"Ku aiko da kwando, mun ƙoshi, awaki ma sun ƙoshi!"

Baƙin kuwa sai ɗaukar hoto suke, sun zaci haka al'adar take. Ɗaya ce kawai a cikinsu, wata dattijuwa daga tsibiran can, ta bar layi ta je bayan maƙabarta, ta tsaya tana kallon jinga da ruwan da ke bayanta, ba ta ɗaga waya ba. Pailo bai shiga zagayen ba. Yana saman bishiyarsa yana cusa yashi da garin dogonyaro a wurin raunin don kada ƙwaro ya samu ƙofa.

Ranar Alhamis, da kowane gida ya gasa gurasar jajiberin Juma'a mai tsarki, wadda ake ɗora wa ɗan gicciye na ganyen Hosanna, tsagin ya isa kowa, har da saura. Wannan bai hana kwamiti zama ba bayan Ista. Achan ya yi magana har muryarsa ta dushe, ya ce kuskuren nasa ne, ya sa hannu a nesa bai duba bayan ɗakinsa ba. Aka saurare shi da ladabi, aka ɗaga hannu, bakwai da biyu. An gode wa Pailo bisa hidimar shekara arba'in da ɗaya, an ce ya huta. Ƙullin dai ba wanda ya taɓa shi. Ba a samu mai kwancewa ba, ba a kuma samu mai hawa ba.

Hutun nasa na gani da idona mako biyu bayan haka. Damina saura wata ɗaya da 'yan kwanaki, sama ta fara haɗa fuska da yamma. Huɗu daga cikin biyar sun buɗe sabon toho, ta huɗu tana nan ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Tasa ta gida kuwa kullum sai ya hau ya shinshina ko ta fara ruɓa. Na same shi tsamo-tsamo cikin kogi har ƙirji, yana yanko laka da hannu, ya cika kwando, ya haura, ya juye a ramin kututture, ya tattake, ya koma. Rami bakwai ne, yana kan na biyu. Wani kwandon yana ajiye a kan jinga, na Achan ne, ya tafi kai wa mara lafiya addu'a.

Na tsaya a inda laka ba za ta taɓa mini zane ba.

"Sannu da hutu, Chetta! An ce hotonka ya kai Turai, wai kai ne ka ceci duniya. In sun kira ka taro ka faɗa mini da wuri in ɗinka maka kwat. Sai dai can kujera ake zama, ban san yadda za ka yi ba."

Ya juye kwandon, ya tattake, bai dube ni ba.

"Kuriachan, kabarin gidanku shi ne na biyu daga jinga, kusa da namu. Rahel ta iya iyo. Kai fa? Ɗauki kwando."